Yadda Za Ka Sa Google Ya Gano Shafinka, Ya Kuma Kawo Maka Masu Karatu

Mutum zai biya kuɗin sunan shafi, ya biya na masauki (hosting, wato inda ake ajiye shafin a intanet), ya hana idonsa barci yana rubutu, amma a ƙarshe ba mai shiga sai waɗanda ya tura wa a WhatsApp da Facebook. Ranar da ya daina turawa, shafin ya yi tsit. A can gefe kuma, kullum akwai masu rubuta tambaya a Google wadda amsarta tana kwance a shafin nan nasa, sai dai Google bai nuna musu shi ba. Aikin da ake yi don a haɗa mai tambaya da mai amsa shi ake kira SEO, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar ko kobo. Abin da yake ci shi ne lokaci da natsuwa.

Zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe don kada magana ta watse: a ce kana da shafi na Hausa a kan kiwon kaji, ka gina shi da WordPress ko Blogger. In naka na girki ne, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko darussan makaranta, matakan ba su canza ba.

Da farko ka san abin da Google yake yi

Aikinsa kashi uku ne. Na ɗaya, yana da manhaja mai suna Googlebot da ke yawo a intanet dare da rana, tana bin mahaɗi, wato link ɗin da ake dannawa, daga wannan shafi zuwa wancan tana karanta abin da ta tarar. Na biyu, abin da ta karanta ana tantance shi a adana a wani babban kundi. Na uku, idan wani ya rubuta tambaya, daga cikin kundin nan ake zaɓo amsoshi a jera su. Wato lokacin da ka yi bincike, ba intanet ɗin ake dubawa a take ba, abin da aka riga aka adana ake zaƙulowa. Saboda haka shafin da bai shiga kundin ba, komai kyansa, babu shi a wajen mai bincike.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a 1998, dabarar da ta bambanta su da sauran ita ce ƙirga mahaɗai: shafin da wasu shafuka masu daraja suke nuni zuwa gare shi, ana ɗaukarsa a matsayin mai daraja. Yau abubuwan da ake dubawa sun yi yawa ƙwarai, amma wannan tushen yana nan. Sakamakon da kake gani a can sama ɗauke da alamar talla kuwa daban ne. Wannan kuɗi aka biya, kuma biyan kuɗin talla ba ya ɗaga shafinka a jerin sakamako na asali. Ina ambaton Google kaɗai ne saboda kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ta hannunsa yake bi. Abin da ka gyara dominsa zai yi maka amfani a Bing ma, wani injin binciken.

Mataki na ɗaya: duba ko kana cikin kundin

Buɗe Google ka rubuta site: sannan sunan shafinka a manne, ba tazara, kamar haka site:sunanshafinka.com. Idan rubuce-rubucenka suka fito, alhamdulillahi, an san da kai. Idan ba abin da ya fito, ko uku suka fito alhali ka wallafa hamsin, to a nan aikin zai fara, kuma kada ka tsallake zuwa wani mataki kafin ka warware wannan.

Sau da yawa mai shafin ne ko wanda ya gina masa ya rufe ƙofa bai sani ba. A WordPress, shiga Settings, ka zaɓi Reading, za ka ga wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su adana shafin. Masu gina shafi sukan saka masa alama lokacin da suke aiki, su manta ba su cire ba. Cire alamar. A Blogger ma akwai makamancinsa a cikin Settings, ƙarƙashin Privacy. Tabbatar a kunne yake yadda injinan bincike za su gan ka. Daga nan ka rubuta sunan shafinka ka ƙara /robots.txt a ƙarshe. Wani ɗan fayil ne da ke gaya wa Googlebot inda zai shiga da inda ba zai shiga ba. Idan ka ga layin Disallow: / ba komai a bayan wannan karkataccen layi, ma'anarsa an hana shiga ko'ina, sai a gyara.

Bayan haka ka yi rajista da Google Search Console. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai kake buƙata. Zai nemi ka tabbatar shafin naka ne, ko dai ta hanyar saka wani layi da zai ba ka a cikin bayanan DNS, wato saitin sunan shafinka, a wajen kamfanin da ka sayi sunan, ko ta ɗora wani fayil, ko ta liƙa wata 'yar lamba a kan shafin farko. In hanyar DNS ta rikita ka, kamfanin da ka sayi sunan a wajensa zai iya taimaka maka, aikin mintuna ne. Ni a ganina duk mai shafin da bai buɗe wannan ba, a duhu yake aiki, domin nan ne kaɗai Google yake gaya maka da bakinsa abin da ya gani a shafinka.

Da ka shiga, nemi wurin da aka rubuta Sitemaps ka miƙa taswirar shafinka. Taswirar jerin adireshin dukkan rubuce-rubucenka ce. WordPress, tun daga siga ta 5.5 da ta fito a 2020, yana haɗa ta da kansa a wp-sitemap.xml. Idan kana amfani da Yoast SEO ko Rank Math, manhajojin ƙari da ake ɗora wa WordPress don aikin SEO, tana sitemap_index.xml. A Blogger kuma sitemap.xml ce. Duk lokacin da ka wallafa sabon rubutu mai muhimmanci, kana iya liƙa adireshinsa a akwatin da ke saman Search Console, ya duba, sannan ka danna Request Indexing. Sau ɗaya ya isa. Dannawa sau goma ba ya sa a yi sauri.

Mataki na biyu: koyi yadda mutane suke tambaya

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma nan ne ya fi cancantar ka ɓata lokaci. Marubuci yakan sa wa rubutunsa kanu irin "Muhimman Bayanai Game Da Lafiyar Tsuntsaye". Amma matar da 'yan tsakinta suka fara mutuwa da asuba ba haka za ta rubuta ba. Za ta rubuta "maganin farin kashi na kaji" ko "me yasa yan tsaki suke mutuwa". Wanda yake shirin farawa zai rubuta "yadda ake kiwon kajin gidan gona" ko "nawa ake fara kiwon kaji". Waɗannan su ne kalmomin bincike, kuma aikinka ka gano su kafin ka ɗora hannu a kan rubutu.

Hanya mafi sauƙi tana hannunka. Rubuta "kiwon kaji" a Google kada ka danna komai, ka ga abin da zai cika maka da kansa. Abubuwan da mutane suke nema ne. Ƙara harafi ɗaya a gaba, a, b, c, ka ga yadda jerin yake sauyawa. Gwada "yadda ake", "menene", "maganin", "amfanin", "farashin". Yi haka a YouTube ma, domin Hausawa da yawa can suke fara nema. Sannan ka gangara ƙasan sakamakon ka ga binciken da ke da alaƙa. Samu littafi ka rubuta duk abin da ka tsinta. Akwai Google Trends da Keyword Planner, manhajojin Google masu nuna yawan neman kalma, sai dai ga kalmomin Hausa sau da yawa ba sa nuna adadi, don haka kada rashin lamba ya sa ka zaci ba mai nema. Tambayoyin da ake turo maka ta waya da waɗanda ake maimaitawa a zaurukan masu kiwo sun fi kowace manhaja gaya maka gaskiya. Tambayar da mutum biyar suka yi maka, ka tabbata akwai ɗaruruwan da suka yi wa Google.

Akwai abin da ya keɓanta da mu. Yawancin masu waya ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, "kwai" suke rubutawa a maimakon ƙwai, "dan tsako" a maimakon ɗan tsako. Wasu suna haɗe kalmomi, "yanda ake", "meyasa". Wasu suna gauraya Hausa da Turanci, su ce "vaccine na kaji". A Nijar kuma wanda ya yi karatun Faransanci yakan rubuta da salon can. Shawarata ita ce ka yi rubutunka da daidaitacciyar Hausa, da haruffa masu lanƙwasa, domin mutuncin rubutun da sauƙin karantawa. Amma kafin nan ka gwada binciken ta fuska biyu, da lanƙwasa da babu, ka ga su wa suke fitowa a kowanne. Idan sunan da aka fi sanin abu da shi na Turanci ne, kamar rigakafin Gumboro ko Lasota, ka ambace shi yadda masu kiwo suke faɗa. Kada ka ƙirƙiro masa sunan da ba mai nema da shi.

Idan ka zaɓi kalma, bincika ta ka buɗe shafuka biyar na farko ka karanta. Me suka faɗa, me suka bari? Mai neman nan bayani yake so, ko saye, ko farashi, ko bidiyo? Wanda ya rubuta "farashin buhun abincin kaji" ba tarihin kiwo yake nema ba. A nan za ka ga wani abu da ya kamata ya ƙarfafa maka gwiwa: tambayoyi da yawa na Hausa ba su da amsa mai kyau ko ɗaya. Za ka tarar da guntun rubutun Facebook, ko shafin da aka fassara da na'ura wanda ba a gane kansa. Mai rubutun Turanci yana gogayya da dubban shafuka a kan kowace kalma. Kai kuwa a wurare da yawa filin a buɗe yake, mai zuwa da gaske kawai ake jira.

Ka'ida ɗaya ka riƙe: kowace babbar tambaya da shafinta. Kada ka cusa abinci da magani da gina keji da kasuwa a rubutu guda. Kada kuma ka yi rubutu huɗu a kan tambaya ɗaya, domin za su riƙa gogayya da junansu.

Mataki na uku: rubuta amsar da ta fi ta kowa

Fara da amsar. Mun saba da doguwar shimfiɗa, gaisuwa da godiya da gabatarwa, kuma a zaure wannan ladabi ne. Amma wanda ya shigo daga Google da ragowar data kaɗan, idan ya karanta sakin layi uku bai ga abin da ya kawo shi ba, zai koma ya danna na ƙasa da kai. Yi sallamarka a layi ɗaya in kana so, sannan ka ba shi abin da ya zo nema, bayani ya biyo baya.

Kalmar binciken ta fito a kanu, ta fito a farkon rubutu, sannan ka manta da ita ka yi rubutu irin na mutane. Maimaita "kiwon kaji" a kowane layi tsohuwar dabara ce da ta daina aiki, har ma Google yana lissafa ta cikin abubuwan da ya haramta. Haka nan babu wani adadin kalmomi da aka wajabta. Google da kansa ya ce ba shi da tsawon da ya fi so. Tambayar da layi goma za su amsa, kada ka ja ta zuwa dubu biyu. Wadda take buƙatar dogon bayani, kada ka guntule ta.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Shafukan Hausa da yawa kwafe suke yi. Labari ɗaya zai fito a wata kafa, kafin azahar ka gan shi a shafi ashirin, har da kuskuren rubutun da ke ciki. Ban da cin haƙƙin wanda ya yi wahalar, wannan ba ya kai mutum ko'ina. Idan Google ya ga rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, yakan zaɓi guda ya nuna, ya ajiye sauran. Tun a 2011 ya fito da sauyin da ake kira Panda don rage darajar shafukan da ba su da abin kirki na kansu, a watan Maris na 2024 kuma ya ƙara tsaurara doka a kan masu zubo rubutu barkatai don neman matsayi kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Wanda yake ɗauko rubutun Turanci ya watsa a manhajar fassara ya wallafa ba tare da ya karanta ba, mai karatu zai gane tun a layin farko, kuma ba zai dawo ba.

Abin da ba wanda zai iya kwafa daga wani wuri shi ne abin da ka sani da hannunka. Hoton kejinka da ka ɗauka da wayarka. Yadda kake yi da zafin watan Afrilu, da yadda kake ɗumama 'yan tsaki a lokacin hunturu. Farashin da ka sayi abinci, tare da wata da shekara da garin, don mai karatu ya san na yaushe ne. A ƙarshen 2022 Google ya ƙara gogewar marubuci a cikin ma'aunan da masu tantance ingancin sakamakonsa suke dubawa, bayan ƙwarewa da shahara a fanni da amana. Don haka ka sa sunanka a rubutu, ka yi shafin da ke bayanin ko kai wane ne, da yadda za a same ka. A kan abin da ya shafi lafiya ko kuɗi kuwa, ma'aunin ya fi tsanani, kuma haka ya dace. Kada ka rubuta adadin magani sai ka tabbatar daga likitan dabbobi ko takardar maganin. Dukiyar mutane ce, wani lokacin ma rayukansu.

Wani abu ƙarami: bayanin da aka rubuta a jikin hoto, irin fastar talla, ko aka faɗa a murya, kada ka dogara da shi. Rubuta shi da haruffa a cikin shafin ma.

Mataki na huɗu: gyara abin da ake gani a sakamakon bincike

Abu uku mai bincike yake gani kafin ya danna: kanu, adireshi, da ɗan taƙaitaccen bayani. Kanun ya kasance kusan haruffa 50 zuwa 60, in ya wuce haka akan yanke ƙarshensa. Sa muhimmiyar kalmar a gaba. "Yadda Ake Kula Da 'Yan Tsaki A Satin Farko" ya fi "Karanta Ka Sha Mamaki" nesa ba kusa ba, domin na biyun bai gaya wa Google komai ba, bai gaya wa mutum komai ba. Kowane shafi da kanunsa, kada biyu su zama iri ɗaya.

Taƙaitaccen bayanin, wanda Yoast da Rank Math suke ba ka akwatin rubuta shi a ƙasan kowane rubutu, ya tsaya wajen haruffa 150 zuwa 160. Ba ya ɗaga matsayi da kansa, amma yana sa a danna. Wani lokaci Google zai ajiye naka ya ɗauko wani yanki daga cikin rubutun, wannan ba matsala ba ce. Akwatin jera kalmomin bincike da wasu tsofaffin darussa suke cewa a cika kuwa, Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya amfani da shi.

Adireshin ya zama gajere mai ma'ana, kamar /kula-da-yan-tsaki, kalmomin a rabe da ɗan layi. A nan kam ka bar haruffa masu lanƙwasa, domin idan aka kwafi adireshin aka tura wa wani sukan rikiɗe su koma tarin lambobi da alamar kashi cikin ɗari. A WordPress ana saita wannan a Permalinks, ka zaɓi Post name tun shafin yana sabo. Idan rubutu ya riga ya daɗe, kada ka canza masa adireshi haka kawai. In ya zama dole, sai ka yi masa turawa ta 301, wadda take kai duk mai bin tsohon adireshi zuwa sabon. In ba haka ba, zai tarar da kuskuren 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba, kai kuma ka yi asarar darajar da tsohon ya tara.

A cikin rubutun, babban kanu ɗaya ne, shi ne H1. Ƙananan kanun sassa su zama H2. Kada ka ƙara wa haruffa kauri kawai ka ce ka yi kanu. Hotuna kuma ka sauya musu suna kafin ka ɗora, daga IMG_2041.jpg zuwa kejin-yan-tsaki.jpg, sannan ka cika akwatin Alt Text da jimla ɗaya da ke bayyana abin da ke cikin hoton. Google yana amfani da ita, kuma ita ce manhajar makafi take karanta musu.

Mataki na biyar: waya, sauri, da tsaro

Fuskar shafinka ta waya ita Google yake dubawa wajen adanawa da jerawa. Ya fara wannan sauyi a 2018, ya sanar da kammala shi a 2023. Mu kuwa dama kusan duk masu karatunmu da waya suke shigowa. Saboda haka ka ajiye kwamfuta, ka ari ƙaramar waya mai araha, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafinka da data. Rubutun yana karantuwa ba sai an ja shi ba? Talla ta rufe fuska? Maɓallan suna dannuwa da babban yatsa?

Sannan ka liƙa adireshin a PageSpeed Insights, manhajar Google mai auna saurin shafi. Ma'aunai uku ake kula da su: babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa taɓawa cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma kada abubuwa su riƙa tsalle suna sauya wuri lokacin da yake buɗewa. Mafi yawan nauyin daga hotuna yake. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku ko fiye, alhali za ka iya matse shi da Squoosh ko TinyPNG ya koma ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci sosai ba. Cire manhajojin ƙari da ba ka amfani da su. Rage talla. Kada ka haukace wajen neman maki 100. Shafi mai amsa mai kyau da matsakaicin sauri yana gaban shafi mai sauri da ba komai a cikinsa.

Adireshinka ya fara da https. Google ya sa wannan cikin ma'aunansa tun 2014, kuma tun 2018 Chrome yake rubuta gargaɗin rashin tsaro a kan shafin da ba shi da shi. Kamfanonin masauki da yawa suna ba da takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda take ba ka https ɗin, kyauta, kunnawa kawai za ka yi.

Mataki na shida: mahaɗai

Fara da na cikin gida, domin su ne a hannunka. Duk sabon rubutu ya yi nuni zuwa biyu ko uku na baya da suka dace, kuma ka koma tsofaffin ka sa mahaɗi zuwa sabon. Wannan na biyun shi ake mantawa. Rubutun da babu wani shafi da ke nuni zuwa gare shi kamar shago ne a ƙuryar lungun da ba hanya, ko Googlebot da wuya ya kai gare shi. Kalmomin da za ka ɗora mahaɗin a kansu su faɗi abin da ke can, "jadawalin rigakafin kaji", ba "danna nan" ba.

Na waje kuwa, wato wasu shafuka su yi nuni zuwa naka, sun fi wahalar samu kuma sun fi nauyi. Hanyar halal ita ce ka yi abin da ya cancanci a ambata: jadawalin da ba wanda ya tsara shi da Hausa, lissafin jari dalla-dalla, hira da gogaggen mai kiwo. Ka rubuta wa wata jarida ko wani shafi mai mutunci maƙala, su sa mahaɗinka. Ka sanar da ƙungiyoyin manoma da masu sayar da abincin kaji da suke da shafi. Za ka ci karo da masu cewa za su ba ka mahaɗi dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ka guje su. Sayen mahaɗi don ɗaga matsayi ya saɓa dokar Google, kuma tun sauyin Penguin na 2012 yake farautar irin wannan. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kuɗinka su tafi a banza, mafi muni kuma a hukunta shafin. Idan wani ya biya ka don ka sa mahaɗinsa, ka yi masa alamar sponsored ko nofollow, don kada Google ya ƙirga shi wajen ɗaga matsayi.

Turawa a WhatsApp da Facebook ka ci gaba da yi. Ba ya ɗaga matsayi kai tsaye, amma ta nan ne wanda zai ambace ka a shafinsa yake fara ganinka.

Idan kana da shago ko gona da ake zuwa

Buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne. Sa suna na gaskiya, adireshi, lambar waya, lokutan buɗewa da hotuna, ka bi matakan tabbatarwa. Shi ne yake sa ka fito a taswira idan wani a garinku ya nemi mai sayar da 'yan tsaki kusa da shi. Sunan da lambar su zama iri ɗaya a ko'ina ka rubuta su. Roƙi abokan cinikinka na gaske su rubuta ra'ayinsu, kada ka sayi na ƙarya.

Mataki na ƙarshe: auna, ka gyara, ka jira

Sabon rubutu yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya shiga kundin, kuma sabon shafi yakan yi watanni kafin a ga motsi na kirki. Google ya taɓa ba da ƙiyasin wata huɗu zuwa shekara ɗaya kafin aikin SEO ya nuna amfaninsa, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya yi maka alkawarin haka cikin sati biyu, riƙe kuɗinka. Ka kuma sani cewa tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman wasu sakamakon, abin da ke sa wasu ba sa danna kowane shafi. Tambaya mai amsar layi ɗaya ta rage kawo mutane. Wadda take buƙatar gogewa da hoto da lissafi ita ce har yanzu ake shiga a karanta.

Sau ɗaya a wata ka buɗe Performance a Search Console. Zai nuna maka sau nawa aka ga shafinka a sakamako, sau nawa aka danna, matsakaicin matsayinka, da ainihin kalmomin da aka rubuta aka same ka, har na tsawon wata 16 baya. Nemi abu biyu. Na farko, rubutun da ake gani da yawa amma ba a dannawa: kanunsa da taƙaitaccen bayaninsa ne suke son gyara. Na biyu, kalmomin da kake matsayi na 8 zuwa 20 a kansu: waɗannan sun kusa, sai ka koma rubutun ka ƙara abin da ya rasa, ka sabunta farashi da hotuna, ka ƙara masa mahaɗai daga sauran rubuce-rubucenka. A cikin jerin za ka tsinci tambayoyin da ba ka taɓa rubutu a kansu ba amma Google yana nuna ka saboda ba wanda ya fi ka kusa. Kwafe su a littafin nan naka, su ne rubuce-rubucen wata mai zuwa. Kafin ka rufe, leƙa sashen Pages ka ga waɗanda ba a adana ba da dalilin da aka bayar a gaban kowanne, ka fara gyara da waɗanda aka ce noindex (alamar da ke hana a adana shafi) ne ko 404 ya hana su.